Anniyan da 'yan'uwansa: wanne za a fara haska wa matasa?

Nura Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Na kalli Anniyan na Vikram, kuma har yanzu abin yana min yawo a kai. Ina son irinsa, wato finafinan kudancin Indiya masu magana a kan cin hanci da sakacin jama'a, ba soyayya zalla ba. Sannan ƙungiyar matasan unguwarmu tana son mu riƙa haska fim a farfajiyar makaranta, in an gama a zauna a tattauna. Shi zan fara kaiwa, ko akwai wanda ya fi shi dacewa?

Yaya Sagir: Wa'alaikumus salam. Nura, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Anniyan ya fito a watan Yuni na 2005, Shankar ne darakta, Harris Jayaraj ya yi kiɗa, marigayi Sujatha ya rubuta kalaman. Masu kallon na Hindi sun san shi da Aparichit. Wanda bai gani ba ya yi haƙuri, zan ɗan ɓata masa labarin.

Ambi, wanda labarin yake kansa, lauya ne mai kare haƙƙin masu sayen kaya a Chennai, mutum ne da ba ya iya ganin an taka doka ya wuce. Wani ya tofa yawu a titi, zai tsaya ya yi magana. Wayar birkin babur ɗinsa ta tsinke, zai ɗauke ta ya koma wurin mai shago. Kowa dariya yake masa, har yarinyar da yake so, Nandini, ta ƙi shi saboda tsananin bin ƙa'idarsa. Baƙin cikin da yake haɗiyewa shi ne ya tsaga ƙwaƙwalwarsa gida uku: ga shi Ambi, ga Remo ɗan gayu da ya fito don ya sace zuciyar Nandini, ga Anniyan mai baƙaƙen kaya da gashi a fuska, wanda ya buɗe shafi a intanet ana kai masa ƙara, shi kuma yana bin mutane yana kashewa da irin azabobin da aka lissafa a littafin Hindu mai suna Garuda Purana. Vikram ne ya fito a duka ukun. Akwai inda yake sauyawa daga Ambi zuwa Anniyan ya sake dawowa a gaban Prakash Raj da ya fito a ɗan sanda, ba tare da an canza masa kaya ko kwalliya ba, murya da ido kawai. Wannan fitowar kaɗai ta isa a kalli fim ɗin.

Nura Fagge: Wallahi Yaya wurin nan ne ya sa na miƙe zaune.

Yaya Sagir: To amma abin da ya sa nake fifita shi a kan sauran ba wasan Vikram ba ne. Ka duba su wa yake kashewa. Ba minista, ba gwamna. Na farko mai mota ne da aka roƙa ya ɗauki wanda ya yi hatsari zuwa asibiti ya ƙi, don kada jini ya ɓata masa mota, mutumin ya mutu a titi. Shi ne aka kora cikin kogo ɓaunaye suka tattake shi. Na biyu ɗan kwangilar abincin jirgin ƙasa mai ba fasinjoji abincin banza, shi aka soya a tafasasshen mai. Sai mai kamfanin wayar birki ta jabu, aka sakar masa matsattsaku suka zuƙe shi. Kai har Nandini sai da ya biyo ta, saboda ta rage kuɗin fili a takarda don ta kauce wa haraji, alhali wani ɓangare na ƙwaƙwalwarsa mutuwar sonta yake yi.

Yawancin finafinan cin hanci suna nuna maka wani ƙaton bos a sama, ka zage shi, ka tashi kana jin kai mai tsarki ne. Wannan kuwa kai ɗin da kake zaune kana kallo yake nunawa da yatsa. Akwai wurin da yake yin lissafi da paisa biyar, wato kashi biyar cikin ɗari na rupi guda. Satar wannan ba wanda zai kira ta laifi. To in mutum miliyan 50 kowa ya saci paisa biyar sau miliyan 50 fa? A babban filin wasa na Nehru ma, inda ya bayyana ga jama'a, kwatanta Indiya ya yi da ƙasashe irin su Singafo da Japan, ya ɗora laifin a kan halin ko-in-kula na talaka da mai kuɗi baki ɗaya.

Maman Ilham: Ni tambayata ɗaya, yara za su iya gani? Don in an ce farfajiyar makaranta, ƙananan yara sai sun cika wurin.

Yaya Sagir: A'a Maman Ilham, ban ba da shawara ba. Wuraren kisan suna da tayar da hankali, musamman na man nan. Waƙoƙin Remo kuma akwai shigar da ba ta dace da taron unguwa ba. Ga tsawo, kusan awa uku ne.

Malam Habibu: Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma wannan sai na yi magana. Na ga fim ɗin, kuma ban musa abin da Sagir ya faɗa ba. Rashawa bala'i ce, Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito. Amma Nura, matasa za ka tara. Yaro ɗan shekara 17 ba lissafin paisa zai tafi da shi gida ba. Abin da zai zauna masa shi ne mutum ɗaya ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne hauni, kuma ana masa kiɗa mai daɗi ana tafi. Hadisin gyara mummuna da hannu da wasu suke kafa hujja da shi, malamai sun yi bayani cewa zartar da haddi da kisa aikin hukuma ne bayan shari'a, ba na ɗaiɗaikun mutane ba.

Kuma mu ba labari ake ba mu ba. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Kano a Uromi ta jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal za su gida yin Sallah, aka kashe mutum 16 aka ƙone su bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. Waɗanda suka yi wannan aika-aika, kowannensu a ransa gani yake yana tsabtace gari. A kasuwanninmu ma da an yi ihun ɓarawo ka san abin da ke biyo baya. A fim marubuci ya riga ya nuna mana mai laifi da idonmu, shi ya sa zuciya take yarda. A titi ba wanda ya ga komai sai ihu.

Nura Fagge: Allah ya gafarta Malam, maganarka ta shige ni. Amma ai a ƙarshe an nuna cewa ciwon ƙwaƙwalwa ne yake damunsa, kotu ma asibitin mahaukata ta tura shi. Ba wannan ne fim ɗin yake cewa abin ba daidai ba ne?

Barista Zainab: Ƙanina, ka sake kallon mintunan ƙarshe. Bayan shekara biyu an sallame shi, ya auri Nandini, suna cikin jirgin ƙasa, ya ga wani mutum yana shan giya a cikin fasinjoji. Ya nuna kamar bai damu ba, Nandini ta saki jiki cewa ya warke. Tana kau da ido ya cilla mutumin ta ƙofar jirgi, kuma mutumin ma'aikacin lantarkin nan ne da sakacinsa ya kashe ƙanwarsa tun suna yara. Da wannan aka rufe fim. Darakta bai ɓoye ɓangaren da yake ba, so yake ka fita kana murna Anniyan yana nan.

Labarin ƙanwar shi ne wurin da ya fi taɓa ni, kuma nan ne fim ɗin ya fi gaskiya. Yarinya 'yar makaranta, ranar ruwan sama, ta faɗa cikin ruwan da ya taru a titi, ashe wayar wuta ta tsinke tana ciki. Mahaifinsu ya je kotu, aka tashi ba wanda aka hukunta, don laifin ya rarrabu a hannun mutane da yawa, kowa ɗan kaɗan ne nasa. Duk lauyan da ya taɓa riƙe shari'ar sakaci ya san wannan ciwon.

Amma ga abin da nake so a lura da shi game da mai motar nan. Me ya sa mutane suke gudun ɗaukar wanda ya yi hatsari? Ba duka ne mugaye ba. Tsoro suke ji a riƙe su a asibiti, a ce su biya, ko 'yan sanda su mayar da su abin zargi, su yi ta zaryar kotu. A Indiya wata ƙungiya mai suna SaveLIFE Foundation ta kai maganar Kotun Ƙoli, a watan Maris na 2016 kotun ta tabbatar da ƙa'idojin kare mai taimako, cewa ba za a tilasta masa faɗin sunansa ba, ba za a tsare shi a asibiti ba. A 2019 aka shigar da kariyar cikin dokar motoci. Wannan shi ne ya taɓa tushen matsalar. Ɓaunaye sun kashe mutum ɗaya, tsoron da ke hana sauran tsayawa yana nan daram.

Kawu Lawan: Yara kuna ta Anniyan kun manta babansa. Indian, na 1996, shi ma Shankar, Kamal Haasan. Mu da sunan Hindustani muka san shi. Wanda bai ga wannan ba bai ga komai ba a wannan fanni.

Kamal ya fito a uba ya fito a ɗa. Uban, Senapathy, tsoho ne ɗan shekara 70 da ya yi yaƙin ƙwatar 'yanci a rundunar Subhas Chandra Bose, ya iya wani faɗa na gargajiya da ake kira varma kalai, da yatsu biyu yake taɓa jijiyar mutum ya sandare. 'Yarsa ta ƙone a gobara, ya kai ta asibiti likita ya ce sai an kawo takardar 'yan sanda ko a ba shi na goro, wurin 'yan sanda su ma hannu suka miƙa. Tsohon ya ƙi bayarwa, yarinyar ta cika. Ɗan, Chandru, ya ce taurin kan ubansa ne ya kashe ta, ya bar gida ya tafi birni ya zama ɗan kamasho a ofishin lasisin motoci, daga baya ya sayi aikin jami'in duba birki.

Ni tsohon direba ne, shekaruna na ƙuruciya a kan hanya suka ƙare, shi ya sa abin da ya biyo baya ba na iya kallonsa ido a bushe. Chandru ya karɓi kuɗi ya sa hannu a takardar bas ɗin da birkinta ya lalace. Bas ɗin 'yan makaranta take ɗauka. Ta faɗi da su, yara suka mutu. Don ya kuɓuta har ƙoƙari ya yi a ɗura wa gawar direban giya a ce maye ne ya jawo. Na ga motar da sai ka yi wa birki famfo sau uku kafin ya kama, man birki ya ƙare an zuba ruwan sabulu a ce a lallaɓa zuwa gari na gaba, fasinja cike har da mata masu goyo, kuma takardar lafiyar motar tana cikin aljihun gaba sabuwa fil, wanda ya buga mata hatimi bai taɓa ganin motar da idonsa ba. Duk wanda ya yi tuƙin haya ya san ba ƙarya nake ba. A ƙarshe tsohon da hannunsa ya kashe ɗansa a filin jirgin sama.

Isufu Maraɗi: Kawu gaskiya ne. Mu ma nan an san shi sosai. Kamal ya samu kyautar gwarzon jarumi ta ƙasa da shi, kuma shi Indiya ta tura gasar Oscar a shekarar. Kiɗan A. R. Rahman ne.

Malam Habibu: Alhaji Lawan, ko shi ɗin ai kisa ne dai. Har a talabijin kai tsaye ya kashe likitan.

Kawu Lawan: Haka ne Malam, ban ce a kwaikwaye shi ba. Abin da ya sa na fi ganin girmansa, shi hukuncin gidansa ya shigo. Anniyan baƙi yake kashewa, bai yi asarar komai ba. Wannan tsohon sai da ya zaɓa tsakanin ɗan cikinsa da abin da ya yi imani da shi, matarsa tana kuka tana roƙonsa. Mu nan kowa yana zagin ɓarawon gwamnati, amma in ɗanka ne ya samu kujerar, addu'a ake taruwa a yi masa, ba mai tambayar inda kuɗin gina gidan ya fito. Tambayar da za a yi wa matasa ke nan bayan an kashe majigi.

Anti Rabi: Ni Ramana zan ƙara muku, na 2002, A. R. Murugadoss ya ba da umarni, marigayi Vijayakanth da suke kira Captain ya ja fim ɗin. Malamin kwaleji ne da iyalinsa suka mutu lokacin da bene ya rufta saboda aikin ha'inci. Sai ya haɗa tsofaffin ɗalibansa da ke aiki a ofisoshin gwamnati suka zama ƙungiyar sirri. Sukan sace jami'ai 15 da suka fi cin hanci a ma'aikata ɗaya, su kashe na kan gaba, su saki sauran. Shi ne aka maimaita da Telugu a Tagore na Chiranjeevi a 2003, da Hindi kuma Gabbar Is Back na Akshay Kumar a 2015, wanda na san da yawanku shi kuka gani.

Aikin jinya nake yi, don haka fitowar asibitin nan ce ta tsaya min. Ya ɗauko gawar wani talaka da ya riga ya rasu, da takardar shaidar mutuwarsa a aljihu, ya kai wani katafaren asibitin kuɗi ya ce a ceci ɗan'uwansa. Likitocin sun san gawa ce, suka shiga da ita ciki, suna fitowa da takardar magani suna karɓar kuɗi, can suka fito da fuskar jimami wai sun yi iya ƙoƙarinsu. Sai ya zaro takardar. An ƙara gishiri, na sani, kuma mafi yawan ma'aikatan lafiya da na yi aiki da su mutanen kirki ne masu aiki cikin ƙarancin kaya. Amma a ce wa mai jini yana zuba sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa shi, wannan na gani, kuma ba ya barin mutum ya yi barci.

Malam, wannan zai ɗan fi kwanta maka ta fuska ɗaya: a ƙarshe ya miƙa kansa, aka yanke masa hukuncin rataya, bai nemi a sassauta masa ba.

Malam Habibu: To ko ba komai ya yarda doka tana kansa shi ma. Wannan ya fi.

Yaya Sagir: Duk abin da aka faɗa na karɓa, amma kada mu zubar da Anniyan gaba ɗaya. Ni a ganina Ambi ne jarumin, ba mai baƙaƙen kayan ba. Mutumin da yake rubuta ƙorafi, yake jan mai laifi zuwa caji ofis, yake ƙin ba da cin hanci ko da aikinsa zai tsaya. Fim ɗin ya mayar da shi abin dariya, yana magana yana rawar murya, don a nuna hanyarsa ba ta ɓullewa. Nan ne nake ganin Shankar ya yi mana ƙwange. Don a watan da fim ɗin ya fito, Yuni 2005, aka sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai ta Indiya, ta fara aiki a Oktoba. Da takarda ɗaya da rupi 10 talaka zai tambayi ofis ina aka kai kuɗin titinsu, kuma doka ta ba su kwana 30 su amsa. Irin su Ambi ne suka yi amfani da ita, kuma da yawa sun rasa rayukansu a kan haka. Ba matsorata ba ne.

Barista Zainab: Yawwa Yaya Sagir. A jihar Tamil Nadu ma, inda Chennai take, akwai su da sunayensu. Traffic Ramaswamy, dattijo ne da ya shafe shekaru yana shigar da ƙara a Babbar Kotun Madras a kan masu cin titi da allunan 'yan siyasa da aka kafa ba bisa ƙa'ida ba, ya rasu a 2021. Akwai U. Sagayam, jami'in gwamnati da ya rataya allo a ofishinsa yana kira a ƙi cin hanci, aka yi ta yi masa canjin wurin aiki fiye da sau 20. Da kotu ta sa shi binciken haƙar dutse ta haramtacciyar hanya a Madurai, a 2015 sai da ya kwana a maƙabarta don kada a taɓa shaidar da za a tono da safe. Sannan wata ƙungiya mai suna 5th Pillar ta fara raba takardar kuɗi ta rupi sifili a 2007, kamanninta ɗaya da rupi 50, in jami'i ya nemi na goro sai ka miƙa masa ita. Mu ma muna da tamu dokar samun bayanai tun 2011, matasa nawa ne suka san yadda ake rubuta takardar?

Don haka Nura, in ni ce, Jai Bhim zan kai. Na 2021 ne, Suriya ya fito a lauya Chandru, T. J. Gnanavel ya ba da umarni, kuma an gina shi a kan shari'ar gaske ta 1993 a gundumar Cuddalore. An kama wani talaka mai kamun macizai bisa zargin satar gwal a gidan mai kuɗi, ya mutu a hannun 'yan sanda, suka ce ya gudu. Matarsa da tsohon ciki ta yi ta bin ofisoshi har ta samu lauyan da ya shigar da ƙarar a fito da shi a gaban kotu, bai karɓi ko sisi ba. Ba ya dukan kowa a fim ɗin. Da rajistar caji ofis, da lambar waya, da tambayar shaida yake rusa ƙaryar ɗaya bayan ɗaya. Lauyan na gaske, K. Chandru, daga baya ya zama alƙalin Babbar Kotun Madras. Sai dai wuraren azabtarwar suna da nauyi ƙwarai, shi ma ba na yara ba ne.

Maman Ilham: To ni dai har yanzu ban ji wanda zan zo da su Ilham ba.

Anti Rabi: Aramm, Maman Ilham. Na 2017, Nayanthara ta fito a shugabar gunduma. Ba rawa, ba faɗa. Wani kansila ya haƙa rijiyar burtsatse bai samu ruwa ba, ya tafi ya bar ramin a buɗe, yarinya ƙarama ta faɗa. Fim ɗin gaba ɗaya ƙoƙarin ciro ta ne, motar kashe gobara ta lalace a hanya, kayan aiki babu sai igiya, ga 'yan siyasa suna matsa mata ta rufa wa kansilan asiri. Kuma ƙauyen yana kusa da inda ƙasar take harba roka sararin samaniya. Shekara biyu bayan fitowarsa, a Oktoba 2019, yaro ɗan shekara 2 ya faɗa irin wannan rami a gundumar Tiruchirappalli, aka kwana huɗu ana fama ba a same shi da rai ba. Za ku yi kuka, amma yara za su fahimci abin da rami ɗaya da aka bari a buɗe yake jawowa, kuma a unguwanninmu rijiyoyi da masai da aka haƙa aka bari ba sa ƙirguwa.

Kawu Lawan: Ku sa Mudhalvan a jerin, 1999, Arjun da Raghuvaran. Shi ne Nayak na Anil Kapoor da Amrish Puri da kowa ya sani, Shankar ɗin ne ya yi duka biyun. Ɗan jarida ya titsiye babban ministan jiha a hira kai tsaye, shi kuma ya ce in ka isa ka hau kujerar kwana ɗaya. Ya hau, yana yawo ana biye da shi da tafireta, duk inda ya kama jami'i da ha'inci nan take a buga takardar dakatarwa. Aƙalla shi da biro da doka ya yi aikinsa a ranar.

Isufu Maraɗi: Sivaji na Rajinikanth fa, na 2007? Maganar ɓoyayyun kuɗi ne da yadda ake tatsar mai son gina asibiti da makaranta kyauta a kowane tebur.

Yaya Sagir: Yana da daɗin kallo Isufu, amma nishaɗi ya fi yawa, ba za a samu abin tattaunawa sosai ba. Wanda zan ce a guje shi ne Indian 2 na Yuli 2024. Shekara 28 ana jira, da ya zo sai wa'azi mai tsawo da kwalliyar fuska, babu ciwon da ya riƙe na farkon. Masu sharhi da 'yan kallo a can ma ba su karɓe shi ba.

Nura, ga yadda zan tsara maka. Daren farko Mandela, na 2021, Yogi Babu, darakta Madonne Ashwin. Wanzami ne a wani ƙauye da ya rabu gida biyu saboda ƙabilanci, ba shi da ko suna a takarda, ta ƙofar baya yake shiga gidajen mutane. Wata ma'aikaciyar gidan waya ce ta sa masa suna ta yi masa rajista. Zaɓen shugaban ƙauye ya zo, aka ƙirga aka ga ɓangarorin sun yi kunnen doki, ƙuri'arsa ce za ta raba. Nan fa aka fara yi masa hidima da kyaututtuka, shi ma ya fara karɓa yana jin daɗi, sai da abin ya kusa cin ran yaron da ke taya shi aiki sannan ya juya ya fara neman titi da makaranta da banɗakin jama'a maimakon abin aljihunsa. Akwai dariya, babu abin kunya, kuma duk wanda ya taɓa ganin ana raba taliya da atamfa ranar zaɓe zai gane kansa a ciki.

Dare na biyu Aramm. Sannan ka ware manya, 'yan shekara 18 zuwa sama, ku ga Indian da Jai Bhim a jere. Anniyan ya zo a ƙarshe, lokacin sun riga sun ga wata hanyar.

Malam Habibu: Wannan tsarin na gamsu da shi. In za a haska Anniyan ɗin a sanar da ni, zan zo mu zauna da su, a tsallake waƙoƙin. Kuma a yi wa yaran bayani tun farko cewa azabobin nan daga littafin addinin Hindu aka ɗauko su, don kada wani ya cakuɗa su da abin da muka sani na lahira.

Barista Zainab: Ni kuma daren Jai Bhim zan zo da samfurin takardar neman bayanai, kowa ya gwada rubuta ɗaya a kan wani aiki da aka fara aka watsar a unguwar.

Nura Fagge: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Sagir, Mandela ɗin da rubutun Turanci a ƙasa yake? Don yawancin yaranmu ba za su iya bin rubutun da sauri ba.

Yaya Sagir: Wanda nake da shi mai rubutun Turanci ne. Ka samo mutum ɗaya mai baki ya riƙe makirufo, a riƙa tsayarwa a wuraren da magana ta yi yawa yana bayani da Hausa. Ka turo min lokacin, zan zo da shi a filashi mu gwada sautin tun da rana.